A Ina Za Mu Yi wa Mamatanmu Wanka?

Ranar da ƙanen mahaifina ya rasu, bayan zafin rabuwa, abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne rashin wurin da za mu kwantar da shi mu yi masa wanka. A gidan haya yake zaune a cikin Kano, irin gidan nan mai ɗakuna a jere, kowane ɗaki da iyalinsa, banɗaki biyu na kowa da kowa, tsakar gida kuwa ba ta wuce ta shanya da ajiye murhu ba. Da asuba ya cika. Kafin hantsi gida ya ɗinke da mata da yara da maƙwabta. Malamin da zai jagoranci wankan ya leƙa ɗakin ya ga gado da kujeru sun cinye shi, ya dubi tsakar gida, sannan ya juyo ya ce mini, "Ɗana, a samo zannuwa."

Aka roƙi matan gidan su shige ɗakunansu su saki labule. Samari huɗu suka riƙe zannuwan gado suka kewaye mu. Aka ciro wani tsohon ƙyaure aka ɗora a kan bulo, a kansa muka kwantar da Baffa, mutumin da tun tasowata ban taɓa ganin ko ƙwaurinsa a waje ba. Iska na kaɗa zani, samarin na ƙoƙarin danne shi da ƙafa suna kawar da kai. Ruwan da muka zuba ya bi ta gaban ɗakin wata baiwar Allah mai jego, ya fita ta rariya ya faɗa lambatun unguwa inda yara ke wasa.

Mun yi iya yinmu, kuma ban da shakka wankan ya inganta. Amma tun daga ranar nake ganin akwai ɗaki guda da biranenmu suka manta ba su gina ba.

Yadda muke suturta mamaci, a kan gidan gargajiya aka tsara shi. Gida mai zaure da soro, da tsakar gida mai faɗi, da turakar maigida, da wani lungu a baya inda za a keɓe ba tare da kowa ya gani ba, ƙasa kuma ta shanye ruwan a nan inda aka zuba shi. Wannan gida yana nan a ƙauye da wasu tsofaffin unguwanni. Amma mutum nawa ne a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Maraɗi ke zaune a irinsa yau? An raba gado an yanka gidaje, an datse tsakar gida an yi ɗakunan haya, an malale ƙasa da siminti, wasu kuma suna hawa na biyu ko na uku na bene. Duk wanda ya taɓa kama gawa ana saukowa da ita ta matsattsen matakala mai kwana ya san abin da nake nufi. Gidan ya sauya, hukuncin bai sauya ba: wanka da likkafani da salla da binnewa farilla ce a kan al'umma, in wasu suka yi an sauke wa kowa, in ba wanda ya yi kowa ya ɗauki laifi.

A Amurka wannan aiki sana'a ce mai gininta na musamman, kuma akwai dubban irin waɗannan gidajen shirya jana'iza a ƙasar. Su ma da can a gida suke yi, a falon iyali ake kwantar da mamaci, kafinta ya haɗa akwati. Yaƙin basasarsu na 1861 zuwa 1865 ne ya fara sauya lamarin. Samarin arewacin ƙasar suna mutuwa a fagen fama can kudu, iyaye suna so a dawo musu da 'ya'yansu ta jirgin ƙasa, sai aka shiga ɗura wa gawa sinadari ta jijiya don kada ta lalace a hanya. Da aka kashe shugabansu Abraham Lincoln a 1865, haka aka yi wa gawarsa, aka bi da ita gari-gari a jirgin ƙasa daga Washington har Springfield, jama'a na zuwa suna kallo. Daga nan abin ya samu karɓuwa, aikin ya bar hannun dangi ya koma hannun masu sana'a, su kuma suka buƙaci gini.

Ginin nasu kashi biyu ne, kuma a nan darasin yake. Akwai gaba, inda masu makoki ke shiga: falo mai kujeru, ɗakin da ake buɗe akwati a yi bankwana, wurin addu'a, ofishin da ake zama da iyali, da ɗakin baje kolin akwatuna kowane da farashinsa. Akwai kuma baya, wanda baƙo ba ya gani: ƙofa ta daban da mota ke shigowa har bakinta a ƙarƙashin rufi, ɗakin sanyi, da ɗakin shirya gawa mai teburin ƙarfe da ya ɗan karkata don ruwa ya gangara zuwa magudana, daɓe da bango waɗanda ba sa shan ruwa, da na'urar zuƙe iska. Ƙofofin masu faɗi ne, ana kauce wa matakala, an kuma tsara hanyoyin ciki yadda mai turo gawa ba zai yi kiciɓis da matar mamaci a baranda ba.

Kashin gaba ba namu ba ne, ba na kuma fatan ya zama namu. Ba ma ɗura wa gawa sinadari, ba ma yi mata kwalliya mu ajiye ta a zo kallo. An umarce mu da gaggauta jana'iza, kuma sarki da talaka farin ƙyalle ɗaya suke tafiya da shi. Can kuwa ginin kansa kasuwa ne: a 2023 ƙungiyar masu wannan sana'a ta ƙasar ta ce matsakaicin kuɗin jana'izar da ta haɗa da nuna gawa da binnewa ya kai dala 8,300, ban da kuɗin filin kabari. Tun 1984 sai da gwamnatin tarayyarsu ta kafa doka ta tilasta musu bai wa iyali jerin farashi dalla-dalla, saboda mai hawaye a ido ba ya iya ciniki. Allah Ya raba mu da ranar da maraya zai ci bashi don ya binne ubansa.

Amma kashin baya fa? Teburin da ya kai tsayin ƙugu, ruwa mai gudu, magudana, sirri, ƙofar da makara za ta wuce ba tare da an karkata ta ba. Mene ne a cikin waɗannan ya saɓa wa addini? Ni dai a ganina mu muka fi su buƙatar wannan ɗaki, domin mu ne aka wajabta wa wanka. Hadisin Ummu Aɗiyya, lokacin da 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta rasu, ya zo da bayanin aikin: a wanke sau uku ko biyar ko fiye, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a fara da dama da gaɓoɓin alwala. Wannan aiki ne mai son ruwa da yawa, da juya jiki dama da hagu a hankali, da natsuwa. An kuma gaya mana karya ƙashin mamaci kamar karya shi ne yana raye. Mutum uku a durƙushe a kan ƙyaure, a wurin da ba ya isa su miƙe ƙafa, ta yaya za su juya babban mutum da tausasawar da ake so?

Kuma ba sai mun je wurin Turawa koyo ba. Alhazanmu sun saba jin ana shelar sallar gawa kusan bayan kowace farilla a Harami. Waɗannan mamata ba a tsakar gida aka wanke su ba. A Saudiyya akwai wuraren wankan gawa na musamman, wasunsu a jikin manyan masallatai. Masallacin Rajhi da ke Riyad ya yi suna da nasa, ɓangaren maza daban na mata daban, kuma kyauta ne, wakafi ke riƙe da shi. A Turkiyya hukumomin birane ne suka ɗauki nauyin: lamba 188 ake bugawa, su zo da mota, su kai ɗakin wanka da ke manyan maƙabartu irin Karacaahmet ta Istanbul, su yi likkafani, har motocin da aka ƙera da wurin wanka a cikinsu suna da su don wuraren da ba ɗaki. A harabar masallatansu akwai dakalin dutse da aka gina musamman don ajiye makara lokacin salla. A Ingila, inda Musulmi tsiraru ne, masallatai da dama suna da ɗakin wanka da firjin gawa, kuma maƙabartar Gardens of Peace da aka buɗe a gefen Landan a 2002 tana da nata. Mu da ke da masallacin Juma'a kusan a kowace unguwa, me ya hana mu?

Abin da nake kira a gina ƙarami ne. Ɗaki biyu, na maza da na mata, kowane da ƙofarsa, a bayan masallacin Juma'a ko a bakin maƙabarta. Ƙofa ta zama mai faɗi, babu tudu babu matakala, da rumfa a gabanta yadda mota ko a-daidaita-sahu zai ja da baya har bakinta, a sauke mamaci ba a kan idon 'yan kallo ba. Tagogi a can sama kusa da rufi, haske da iska su shiga, ido kada ya shiga, sakata kuma ta ciki. Teburin wanka ko na ƙarfen da ba ya tsatsa ko na siminti da tayil, muddin ya kai ƙugu ya kuma karkata kaɗan. Wannan batun tsayi ba ƙaramin abu ba ne, domin a yawancin unguwanni dattawa ne suka iya wankan, masu ciwon gwiwa da ciwon baya, kuma su ake tasowa ko da tsakar dare. Sai tebur na biyu busasshe, inda za a shimfiɗa likkafani tun kafin a fara, da kanta mai alawayyo da magarya da kafur da auduga da sabulu da almakashi da safar hannu, don kada a bar mamaci a kwance ana jiran yaron da aka aika kasuwa. Tanki a sama, sola ta ɗumama ruwa saboda hunturu ta kuma ba da haske, tunda wutar lantarki ba abin dogaro ba ce. Ruwan da aka yi amfani da shi ya tafi rufaffen raminsa, kada ya haɗu da kwatar unguwa. Ƙaramin banɗaki ga waɗanda suka yi aikin su watsa ruwa. Benci a inuwa ga dangi.

Ɓangaren mata ne ya fi damuna. Mu maza muna waje a kan tabarma muna duba agogo, muna aikawa ciki a ce a yi sauri liman ya iso, ba mu san da me tsofaffin nan suke fama ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka rasu a dalilin ciki da haihuwa a duk duniya 'yan Najeriya ne, kuma kowa ya san arewa ce ta fi ɗaukar wannan kaya. Macen da ta rasu a kan gwiwa, sau da yawa jini bai tsaya ba. Wankanta na son ruwa mai yawa da auduga da safar hannu da lokaci, da ƙofar da ba wanda zai turo. A ɗaki ɗaya, a kan leda, da bokiti biyu da aka sayo wurin mai garuwa, 'ya'yanta na kuka a bayan labule: haka ake yi kullum a garuruwanmu. Waɗannan mata sun cancanci abin da ya fi haka, masu wankan da waɗanda ake wankewa.

Ba na so in tsorata kowa da batun cuta. Yawancin gawarwaki ba sa cutar da mai wanka, kuma likitoci sun tabbatar da haka. Amma akwai waɗanda suke yi: wanda kwalara ta kashe, da wanda zazzaɓin Lassa ya kashe, kuma duka biyun baƙinmu ne na kusan kowace shekara. Ƙa'idar ma'aikatan lafiya ita ce a tsabtace gawar mai kwalara da ruwan kulorin mai ƙarfi, ruwan wankan kuma kada ya kusanci rijiya. A gidan haya wa zai yi wannan? Lokacin Ebola a Gini da Laberiya da Saliyo a 2014, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce aƙalla kashi 20 cikin 100 na sababbin kamuwa a wajen jana'iza suke faruwa, har sai da aka zauna da malaman Musulunci da na Kirista aka fitar da hanyar binnewa mai kare rai da mutunci. Mu ma mun ɗanɗana namu. A Afrilun 2020 masu haƙa kabari a Kano ne suka fara ɗaga murya cewa gawarwaki sun yi yawa, daga baya ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin 100 na iya zama da alaƙa da korona. Da yawansu a gida suka rasu, a gida aka wanke su, da hannu tsirara. A wannan Afrilu na 2020 dai, bayan binne Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin wanda korona ta kashe, a maƙabartar Gudu ta Abuja, duniya ta ga hoton mutum yana tuɓe rigar kariya yana yar da ita a gefen katanga. An yi ta zarginsa. Ni tambayata ita ce, da akwai ɗakin tuɓewa da wurin ƙona irin wannan kaya a bakin maƙabartar, da a waje zai tuɓe?

Mutuware kuwa, wato ɗakin ajiye gawa na asibiti, magana ce mai zaman kanta, kuma zan taƙaita. Bahaushe na gudunta kamar wuta, yana da dalili. Na taɓa raka aboki karɓar gawar ɗan'uwansa da ya yi hatsarin mota, a wani asibitin da ba zan ambata ba. Firji na buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 4, garin kuwa ana zafin da ya haura 40, janareto a kashe. A can ƙarshen asibiti aka jefa ginin, kusa da juji, babu ko benci. Maƙwabtanmu Kirista, waɗanda kan jira dangi su taru kwanaki ko makonni, sun fi mu shan wannan wahala. Asibitin da ya karɓi mutum da rai ya kamata ya iya sallamar sa da mutunci in ya cika: ɗakin sanyi mai sola, da ɗakin wanka a gefensa, don wanda ya rasu nesa da gida a suturta shi a nan.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini. Wani dattijo da nake girmamawa ya ce, "Yaro, iyayenmu a ɗakunansu aka wanke su, kada ku jawo mana bidi'a." Na ce masa, "Baba, Allah Ya ƙara girma, makarar ƙarfe da motar ɗaukar gawa da lasifikar da ake shela da ita ma iyayenmu ba su san su ba." Wankan ne ibada, wurin da aka yi shi sharaɗinsa tsarki da sutura. Kuma ban ce a hana kowa yi a gida ba. Mai yalwar gida ya ci gaba, ɗan ƙauye ya ci gaba, hakan ma ya fi daɗi ga iyali. Maganata a kan wanda ba shi da inda zai yi ne: ɗan haya, baƙo, almajiri, ɗan gudun hijirar da 'yan bindiga suka koro daga ƙauyensa, da wanda aka tsinta a bakin titi ba a san danginsa ba.

Tsoro na biyu ya fi nauyi, kuma ina ɗaukarsa da gaske: kada abin ya rikiɗe ya zama kasuwa, ko mamaci ya faɗa hannun baƙin da ba a amince da su ba, a ƙasar da ake kama masu tone kaburbura. Maganin wannan a tsari yake. Ɗakin ya zama wakafi, ba a karɓar ko sisi. Dangi su ne masu wankan kamar yadda aka saba, mai kula da ɗaki nasa buɗe ƙofa da nuna kaya da koyar da wanda bai iya ba. Kada a taɓa rufe ƙofa a kan mamaci ba tare da nasa a ciki ba. A ajiye littafi a rubuta wanda aka kawo, da wanda ya kawo shi, da lokacin da aka fita da shi, mai unguwa da liman su riƙa dubawa. Ina ma ganin irin wannan ɗaki zai dawo da ilimin da ke neman ɓacewa, don yanzu sai ka tara samari ashirin masu digiri ka rasa wanda ya san yadda ake yanka likkafani. In akwai wuri, ana iya koya musu da mutum-mutumi ko da sau ɗaya a wata.

Masu cewa a fara gyara asibitin masu rai tukuna, gaskiyarsu, amma ba aljihu ɗaya ba ne. Kundin tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ɗora kafa maƙabartu da kula da su a wuyan ƙananan hukumomi. Su ba da fili da ruwa. Hukumomin zakka da wakafi, irin na Kano da Sakkwato, suna da hurumin riƙe irin wannan amana. Hukumomin tsara birane su sa shi cikin sharuɗɗan amincewa da zanen sabon masallacin Juma'a, kamar yadda ba wanda zai zana masallaci babu wurin alwala. Attajiranmu kuwa suna gasar hasumiya da ƙubba da tayil na ƙasar waje, Allah Ya saka musu, amma ban jin ɗaki biyu da tanki da sola za su kai kuɗin hasumiya guda.

A masallacin unguwarmu akwai wani fili a bayan wurin alwala, inda ake jibge karyayyun bencina da tsofaffin tabarmi, makara biyu na jingine a bango rana da ruwan sama na dukansu. Na auna shi da ƙafa: taku goma sha biyu a tsaye, takwas a kwance, kuma yana da ƙofa ta lungun baya da mota za ta iya shiga. Wani magini a cikinmu ya ce zai yi aikin hannu kyauta in aka samu bulo da siminti. Matan islamiyyar dare sun ce su za su riƙe mabuɗin ɓangarensu. Ranar Juma'a mai zuwa bayan an sallame za mu kai wa kwamitin masallaci zanen.